Tankin Maliki Mai Walda

Faɗanmu na farko da Maliki a kan ƙafar murhu ne. Murhun nan nawa na ƙarfe ne, ƙafa uku gare shi, ɗaya ta fara rawa. Na kai masa rumfarsa da ke tsallaken titi, daura da inda nake suyar waina a bakin hanyar Gwagwalada, nan Tungan Maje. Kafin in gama gaisawa da mai kayan miya har ya miƙo mini, wai an gama. Washegari na ɗora tukunyar miyar taushe, ta ɗauki tafasa, ƙamshi ya kai har tasha, sai ƙafar ta ce ga garinku nan. Miya ta kwanta a ƙasa, kabewa gabas, ƙashi yamma. Kajin unguwa ranar sun yi walima.

Na ɗauki ƙafar da tsumma, don da zafinta, na tsallaka titi ko mayafi ban gyara ba.

"Kai Bazazzagi! Walda ka yi mini, ko da yawu ka liƙa?"

Ya ture baƙin gilashinsa sama, ya dube ni, ya dubi ƙafar. "Iya Bara'atu, wallahi wuta ce. Na ga ƙwan fitila ya yi ja, na san yanzu za su ɗauke, shi ne na yi sauri."

"To miyata ma ta yi sauri, ga ta can kaji na sha."

"Kawo in sake miki."

"Ka sake wa? Na fi yarda da dutse."

Kuma dutsen na sa. Na jefar masa da ƙafar a gabansa, na dawo na tokare murhuna da wani ƙaton dutse, shekara da shekaru a haka nake girki. Duk wanda ya tambaya, sai in nuna tsallaken titi da cokali in ce aikin wancan ne. Shi kuma kullum da safe sai ya zo cin waina, ya gaida dutsen kafin ya gaishe ni. Ni mutuniyar Rano ce, shi ɗan wani ƙauye ne ta wajen Soba, to kun san tsakanin Bakano da Bazazzagi ba a rasa tsokana. Da haka muka saba, har ya zama in bai zo ba sai in ji wainar ba ta yi daɗi ba.

Maliki bai zo Abuja da sana'a ba. Da baro ya fara, yana tura rake a Durumi. Daga nan ya koma tura kurar ruwa. Wani Bayarabe mai walda a Kurudu ya ga yadda yake tsayawa kallon tartsatsi har ruwan mutane ya yi zafi a jarka, ya ce masa in kallon ne ya zo ya yi shi daga ciki. Nan ya koya. Da haya ta kore shi, ya gangaro wajenmu da injinsa da matarsa Kubra, mace mai sanyi wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba, da 'ya'yansu. Yana yin ƙofofi da tagogi, amma abin da ya fi suna a kai tankin ruwa ne, na ƙarfe, da dogayen ƙafafun da ake ɗora shi. Ko da na roba suka shigo suka rage masa kasuwa, ƙafafun dai nasa ne.

Sai dai ga yadda yake aiki. A rumfarsa akwai ƙwan fitila guda da ya rataya a saman kansa. Wutar unguwarmu ba ta sallama in za ta tafi, illa ƙwan ya ɗan yi ja. Don haka Maliki in ya ɗana tsinken walda ya ja kaɗan, sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan, ya ƙara ja, ya ƙara ɗagawa. Daga inda nake zaune sai ka ce ƙadangare a kan katanga. Hannunsa kuwa gudu yake kamar an biyo shi. Duk mai waldar bakin titi haka yake, ba shi kaɗai ba, amma shi ne ya zubar mini da miya.

Ana nan sai aka wayi gari katafila ta shiga wani ƙaton fili a bayan gari, inda Gwarawa ke noma doya da. Aka share, aka zagaye da katanga, tireloli suka yi ta sauke rodi da siminti. Leburori suka cika ko'ina. Ni da na san inda ciki yake nan kasuwa take, na kwashi tanda da murhu da dutsena na koma bakin get.

Mai gadin wurin wani ne Friday, dogo, mai son yaji. Ran nan ina zuba masa miya na ce, "Ɗan nan, me za a yi a nan ne haka?"

Ya ce, "Mama, kamfani ne. Tanki za a yi. Manya-manya."

Ku ji fa, tanki ya ce. Da kunnena na ji. A Hausar Abuja mace da namiji duk ɗaya ne, mutum sai ya ce maka matarsa ya haihu, ka rasa wa za ka yi wa barka. Ina zan san tankar yaƙi yake nufi? Mu a unguwar da ake sayen ruwa a jarka, in aka ce tanki ai magana ta ƙare. Kafin la'asar duk matan layinmu sun ji. Hansatu maƙwabciyata har ta sa aka sare bishiyar gwandarta don a sami wurin ajiye nata. Har gobe laifin Friday ne, kuma na gaya masa.

Ba a jima ba aka zo faɗaɗa hanyar da manyan motoci za su riƙa bi zuwa kamfanin. Aka shafa wa rumfunan bakin titi jan fenti, ta Maliki na ciki. Ranar da aka ture ta yana tsaye riƙe da ƙwan fitilarsa, shi kaɗai ya tuna ya kwance. Injin waldar a ɗakina aka ajiye, na ɗora masa kwanuka. Ya nemi wani wurin, bai samu ba. Aiki ya tsaya cak. Da yamma na ji Kubra na tambayar masu shago ko suna da buhunan da ba sa so. Na san buhu ba ya nufin komai sai ɗaure kaya.

Da safe ya zo, ko dutsen bai gaisar ba. Ya ce, "Iya, ina ga gida za mu koma. In damina ta faɗi in kama fartanya."

"Kai? Ka manta inda ake riƙe ta. Yaran kuma ka cire su daga makaranta su je su yi gadin akuya?"

"To ya zan yi?"

Na nuna masa get da cokali. "Ga kamfanin tanki a gabanka, kai kuma sarkin tanki, kana tambayata ya za ka yi? Har sai na goya ka?"

Mai ɗaukar ma'aikatan ƙarfe a wurin wani tsohon soja ne, Oga Alexander, mutumin Filato, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ke cin wainata da sukari kamar yaro. A nan gabana aka yi maganar, yana kan benci, Maliki na tsaye ya cire hula.

"Kai mai walda ne? Ka taɓa haɗa tanki?"

"Oga, ba iyaka."

Oga Alexander ya ajiye cokali. "Ba iyaka? A ina?"

"Nan Tungan Maje, da Zuba, har Kurudu. Duk gidan benen da ka gani, in ka ɗaga kai, nawa ne a sama."

"A sama? Tanki a kan bene?"

"Ai can ya fi, Oga. Ya fi ƙarfin harbawa. Ana buɗewa sai ka ji shi har bayan gida."

"Su wa suke saya?"

"Kowa ma. Alhazai, coci, masu gidan burodi. Har wata makarantar yara na yi wa biyu."

Oga Alexander ya kalle shi, sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Dariya ta kama shi har waina ta sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Da ya farfaɗo ya ce, "Mama, kai ne ka turo shi?"

"Ni ce. Me ya yi?"

"Mama, mota mai sulke za mu yi a nan. Na soja. Wanda harsashi ba ya shiga. Ba na ruwa ba."

Leburori suka kwashe da ihu. Maliki ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni kuwa ban ga abin kunya ba. Na ce, "To, abin da ya hana ruwa fita ai ya hana harsashi shiga. Ka ɗauke shi kawai." Tun daga ranar sunana ya koma Iya Tanki. Hansatu ta yi sati ba ta yi mini magana, saboda gwandarta.

Dariyar nan ce ta buɗe masa ƙofa. Oga Alexander ya ce mutumin da ya sa shi dariya haka ba zai koma gida da yunwa ba, kuma dama masu gini na bukatar inda za su ɗora tankin ruwa na gaske. Maliki ya yi musu ƙafafun. Daga nan aka sa shi cikin masu ɗaure ƙarafan rufi. Muna zaune muka ga ginin ya tashi, zaure guda wanda kasuwarmu duka za ta shiga ta bar wuri. Aka kawo injuna a cikin akwatuna, aka rataya wata ƙugiya a sama mai ɗaukar ƙarfe kamar tana ɗaukar tabarma. Kubra ta mayar wa masu shago buhunansu.

Amma aikin gini ƙarewa yake. Da rufi ya hau, aka ce za a sallami kowa, sai waɗanda suka ci jarrabawar waldar sulke, su ne za su zauna dindindin. Aka kawo mai koyarwa, wata injiniya Sandra, 'yar Kafanchan, siririya, wadda Maliki ya kusa haifa. Aka raba musu hula mai rufe fuska duka da safar hannu har gwiwar hannu. Maliki ya zo yana nuna mini, na ce ya yi kama da dodon gona.

Ƙarfen sulke ba irin na ƙofa ba ne. Kauri gare shi, kuma wai ba a duba waldar da ido. Akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikinta, kamar yadda ake yi wa mai karaya a asibiti. Aka yi gwajin farko. A waje waldar Maliki ta fi ta kowa kyau. Da aka ɗauki hoton, ciki duk ramuka, sai ka ce burodi. Aka ce saura dama guda. In ya sake faɗuwa, shi ke nan.

Rannan bai zo cin waina ba. Sandra ce ta zo, ta zauna tana juya cokali a miya.

"Mama, mutumin nan naki yana ba ni ciwon kai. Hannunsa yana da kyau, wallahi ya fi nawa tsayuwa. Amma gudu yake. Ina ce masa silo, silo, a hankali, ya ce to Madam, ya ci gaba da gudu. Kuma kowane lokaci sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Na duba saman nan, ba komai sai rufi. Ko aljanu yake gani?"

Na yi dariya har na kusa ƙona hannu. "'Yar nan, ƙwan fitila yake nema."

"Wane ƙwai?"

Na ba ta labarin rumfa da ƙwan da ke yin ja, na nuna mata dutsen murhuna don shaida. Ta dafe kai. Ita a makaranta ta koya, inda wuta ba ta gudun mutum. Washegari ta ja shi har bayan ginin ta nuna masa janaretocinsu, kowanne ya kai ɗaki, ta ce in ɗaya ya yi tari ɗaya zai karɓa kafin ya ƙifta ido. Ya ce ya gane. Ya koma ya ɗana tsinke, ya ja kaɗan, ya ɗaga kai. Kansa ya ji, wuyansa ne bai ji ba.

Sai na aika aka kira mini shi da sassafe, kafin a buɗe get. Na tashi daga kujerata na ce, "Zauna."

"In yi me?"

"Suya."

"Haba Iya! Da gemuna?"

"Gemun ne zai juya? Zauna, Bazazzagi. Wutar murhun nan ba mai ɗauke ta sai ni."

Waina ba ta son mai gaggawa. In ka zuba ƙullu a tanda, sai ka zuba mata ido, ka ga gefenta ya kama, tsakiyar ta fara huda ƙananan idanu, sannan ka sa cokali. Ka riga ta, ciki ɗanye. Ka ɗauke ido, ta ƙone. Maliki ya zuba, bai kai ko'ina ba ya juya, ƙullu ya tsiyaye. Na ɗora masa a faranti na ce, "Cinye." Ya zuba wata, ya ɗaga kai sama, inda ba komai sai lema. Na sakar masa cokali a bayan hannu.

"Me ka ajiye a can?"

"Ba komai, Iya."

"To idonka a rami."

Leburori suka samu abin kallo. Friday na ce masa, "Uwargida, a sa mini mai ƙonanne-ƙonanne." Oga Alexander ya ɗauke shi hoto a waya, wai zai aika Soba. Maliki ya ci ɗanyar waina har cikinsa ya yi ta ƙugi a wurin aiki. Amma kullum sai ya dawo, don ya san abin da ke jiransa in bai dawo ba. A hankali faranti ya daina cika. Wata safiya ina wanke kwanuka na juyo, na gan shi ya sunkuya a kan tanda, shiru, har wata tirela ta saki hon a bayansa bai motsa ba. Ya sa cokali ya juya, ta fito ja, a kumbure. Na ɓare ta, ciki ya nuna har tsakiya. Ban yabe shi ba. Na ce gishiri ya yi kaɗan, alhali ni na sa gishirin.

Ranar gwaji na biyu Kubra ta zo ta zauna kusa da ni, wai ta zo taya ni yanka albasa, albasa ɗaya ta riƙe har azahar. Can sai ga Sandra ta fito da gudu da wani baƙin hoto a hannu, ta ɗaga shi a rana. Ni ban ga komai ba sai layi guda, sumul. Ta ce, "Mama, babu rami ko ɗaya!" Kubra da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta rangaɗa guɗar da sai da sojan bakin get ya gyara tsayuwa. Maliki ya fito a bayansu, hula a hannu, yana dariya yana share ido, wai hayaƙi ne.

Da aka buɗe kamfanin an yi taro, manya sun zo da jiniya. Mu muna waje, amma da motar farko ta fito zagaye sai da ta bi ta gabana. Ƙatuwa, kalar ƙasa, tayoyinta sun kai ƙirjina, tagoginta 'yan mitsi-mitsi. Maliki ya nuna mini wani layi a gefen ƙofarta ya ce, "Iya, nan nawa ne." Na zagaya ta a hankali na ce, "To ina famfon?" Direban, wani soja yaro da ko gashin baki bai gama fitowa ba, ya kusa faɗowa don dariya. Na dube shi sosai, yaron nan. Na tambaye shi garinsu, ya ce Biu, mahaifiyarsa na can tana sayar da ƙosai. Na naɗe masa waina a leda.

Ruwa dai har yau a jarka muke saye, kada wani ya ce na ce an kawo mana tanki. Hansatu ta dasa wata gwandar.

Watan jiya kamfani ya zaɓi wasu za a kai su ƙasar waje ƙaro ilimi, da Maliki a ciki, mutumin da ko jirgin ƙasa bai taɓa hawa ba. Ranar tafiya na iso bakin get da safe, na tarar da murhuna a tsaye da ƙafa uku. Ashe ƙafar nan da na jefar masa tana wurinsa duk shekarun nan. Ya haɗa baki da Friday suka ɗauke murhun bayan na tashi. Waldar ta kwanta lumui kamar kitson amarya. Dutsen kuma ya wanke shi, ya ajiye a kan bencina.

Ya fito da jakarsa, motar kamfani na jira. "Iya, a gwada mana."

Na hau murhun da ƙafata ɗaya na danna, na jijjiga. Ko gezau. Na ce, "Za mu gani in miya ta hau."

"Ba za ki ce na gode ba?"

"In gode maka don ka gyara abin da ka ɓata?"

Ya durƙusa yana dariya, ya ce in sa masa albarka. Direba na ta hon. Na dafa kansa na yi masa addu'a, sannan na riƙe hannun nan nasa mai gudu, na ce:

"Ka ga yaron nan na Biu? Uwarsa ba ta san ka ba, amma kai take jira. Duk layin da za ka ja, ka ja shi kamar miyata ce a ciki. In ta zube, ko a bayan teku kake, zan tsallako da ƙafar murhu in same ka. Tashi ka tafi, Bazazzagi, kuma ban da kallon sama."